Akwatin Injiniya Daga-Sama

"Wa ya ce ki sa musu suna?"

Bangon da ya raba ofishinmu da Sashen Nuni katako ne falle ɗaya, ko atishawa aka yi a can sai mun amsa daga nan. Muka ajiye kofunan shayi, muka jawo kujeru.

"Yallaɓai, don a riƙa gane su ne," in ji muryar Anti, mai buga takardun sashen. "Wannan na kira shi Take, wannan Tambari, wannan Hoton Manaja. Ko da wani ya matsar da su..."

"Ya matsar? Wa zai matsar? Ke Ta-Bakin-Ƙofa, buɗe kunnenki. Suna ƙarya yake yi. Sai a raɗa wa mutum sunan kirki ya tashi ɓarawon takalma. Amma wuri? Wuri ba ya ƙarya! Nawa daga hagu, nawa daga sama. Nan ilimi ya ƙare. Goge sunayen nan."

"Yallaɓai, yini biyu na yi ina..."

"Goge!"

Wannan murya ta Injiniya Daga-Sama ce, shugaban Sashen Nuni, hasken ma'aikatarmu, mutumin da ba mu san wane alheri kakanninmu suka shuka ba har aka ba mu shi. Injiniyancinsa na gaske ne, kada wani mahassadi ya ce uffan. Kwas ya yi na sati biyu cur a zauren wani otal, ya dawo da takardar shaida mai bakin zinare, ya sa ta a gilashi, ya rataye ta daidai inda duk wanda ya shigo sai ya yi karo da ita. A aljihun gabansa akwai 'yar fitilar nuni mai jan ɗigo. Da ita yake nuna allo, da ita yake nuna ƙofa, da ita yake nuna wa mai kawo shayi inda zai ajiye kofi.

Aikin sashensa shi ne shirya shafukan da ake haskawa a bango da majigi in ana taro. Mutum biyu ne sashen: shi, mai tunani, da Anti, mai yin sauran. Kowane shafi cike yake da tarkace, akwatin rubutu, hoto, tambari, kuma da can hannu ake sa wa a gyara su ɗaya bayan ɗaya, har Allah ya kawo Injiniya da makro. Makro ɗan umarni ne da ake rubuta wa manhaja ta yi aikin da kanta. Nasa kuwa ya sa masa suna Sufeto, shi kaɗai ne abin da ya taɓa yarda ya sa wa suna a duniya.

Sufeto aiki biyu ya iya. Na farko, a ba shi lamba, kaza daga hagu, kaza daga sama, ya je daidai wannan ɗigo a kan shafi ya ga wane akwati ne ya rufe wurin, ya rubuta masa abin da aka ce. Bai damu da ko wane ne ba. Wanda ya tarar, shi ne. Na biyu, shara: duk akwatin da babu ɗigon da ya taɓa shi, datti ne, sai ya share shi. In ya gama ya adana aikin nan take, ba a komawa baya. Wannan na ƙarshen shi Injiniya ya fi so. "Sufeto ba ya nadama," yakan ce, yana shafa kwamfutar kamar wuyan doki.

Masu baƙin ciki, kuma muna da su da yawa a ofishinmu, sun ce a intanet ya tsinto Sufeto, har da bayanin mai shi a ciki cikin wani yare da ba wanda ya iya karantawa. Sun ce a duk layukan nan lambobi kaɗai ya san yadda ake canzawa. Sun ce da a ce sai an nemo akwati da sunansa, to dole a taɓa layin da ba lamba ba, kuma ranar asiri zai tonu. Wato dai, a cewarsu, duk falsafar nan ta wuri da suna an gina ta ne a kan layi huɗu da yake tsoron taɓawa. Mu ba mu yarda ba. Mun dai lura in Anti ta leƙa layukan, gumi yakan tsattsafo masa a hanci.

Kuma Sufeto bai taɓa kuskure ba, kowa shaida ne. Ranar da ya rubuta "Barka da Zuwa" a goshin Manaja, hoton ne ya gusa. Ranar da ya share taswirar rassa gaba ɗaya, taswirar ce ba ta san wurinta ba. Anti ce ke bin bayansa kafin kowane taro tana mayar da abin da ya share, tana share abin da ya rubuta, shiru, da linzamin kwamfutarta mai tsagaggen baya. In an haska shafukan tsaf, sai Injiniya ya juyo ya dube mu. "Kun gani? Ba hannun mutum."

Babban mutum ba ya barin iliminsa a kwamfuta. Shekara shida muna tare bai san sunan kowa ba, kuma bai ga amfanin sani ba. Akwai Na-Taga, akwai Na-Ƙarƙashin-Fanka, akwai Ta-Kusa-da-Firinta. Da Ta-Kusa-da-Firinta ta tafi hutun haihuwa, wani ƙato mai gemu daga sashen sufuri ya ari kujerarta. Injiniya ya shigo, ya tsaya a kansa, ya yi masa barka da sauka lafiya, ya tambaye shi ko jaririn yana samun nono. Ƙaton ya ce yana samu. Me zai ce?

Labarin gida kuwa daga bakin yayan matarsa muke ji, mai kula da sitonmu, mutumin da bai taɓa yafe wa kansa auren nan ba. Ya ce falon ƙanwarsa duk an manne shi da farin salatif: nan wurin rimot, nan wurin buta, nan kujerar Mama. Wata rana mai gyaran wuta ya gaji ya zauna a kujerar Mama. Injiniya ya dawo aiki, ya rusuna, ya gaishe shi da jiki, ya tambaye shi ciwon gwiwa. Ita kuwa matar ta daɗe da samun sauƙin rayuwa. In tana so ta ɓoye masa abu, ba ta wahalar da kanta da ƙarƙashin katifa. Matsar da shi take yi taki ɗaya zuwa hagu. Gwangwanin biskit ya yi wata uku a gaban idonsa yana cigiya.

Sai aka ce hukumar gudanarwa za ta sake tsarin ma'aikata, kuma Sashen Nuni mutum ɗaya ya ishe shi.

Ba wanda ya tambayi wane ne ɗayan. Anti ta yi shekara goma sha ɗaya a kujerar bakin ƙofa, 'ya'yanta uku na makaranta, kuma ba ta da takarda mai bakin zinare. Ta ci gaba da zuwa ƙarfe bakwai da rabi, tana gaishe da kowa, tana share teburinta da gefen gyale. Mu ma muka riƙa gaishe ta da irin muryar da ake gaida mara lafiya.

Injiniya ne aka ba aikin shafin sabon tsarin. Shafi ɗaya ne: akwatuna jere, kowanne da hoton ma'aikaci, a ƙarƙashin hoton fili inda za a rubuta muƙami. Manaja can sama. Mataimakansa biyu a ƙasansa. Sai shugabannin sassa, cikinsu har da Injiniya, ɗari uku da ashirin daga hagu, ɗari biyu da arba'in daga sama. Sai sauranmu, talakawan shafi. Ya bi kowane akwati ya rubuta lambarsa, ya kai wa ofishin ma'aikata, ya ce su riƙe: ranar taro su kawo jerin lambobi da muƙamai, Sufeto zai raba a gaban hukuma. Wanda lambarsa ba ta cikin jerin, Sufeto ya san aikinsa.

Kun ga kyan hali? Ba shi zai kori Anti ba. Ba zai dube ta ba, ba zai sa hannu ba, ba wanda zai je gidansa roƙo. Na'ura ce za ta share ta a bango, a gaban manya, cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuwa ya girgiza kai ya ce ikon Allah.

Wata huɗu aka sa kafin taron. A Litinin ta farko, da safe, kafin Anti ta dawo daga ɗauko takardu, muka ji wani sauti ta bango.

Tak. Tak. Tak.

Na-Taga, wanda Allah ya yi wa baiwar leƙe, ya sa ido a ramin ƙusa. Ya juyo yana toshe baki.

"Akwatinsa yake turawa."

"Ina?"

"Sama mana! Kibiyar sama yake dannawa."

Sau uku kacal. Injiniya ba mai haɗama ba ne. Ya ja kujera baya, ya karkata kai, ya dubi shafin kamar mai duba jariri, ya adana, ya rufe. Litinin ta biyu, tak, tak, tak. Ta uku, haka. Kafin wata ya ƙare duk ofishinmu mun daina makara ranar Litinin. Har mai gemun nan na sashen sufuri yakan zo da kofinsa. Mukan yi tsit, in an yi ta ukun mu ɗaga kofuna. Wata Litinin aka yi huɗu, Na-Ƙarƙashin-Fanka ya ƙware da shayi sai da aka bubbuga masa baya.

A Litinin ta goma, kan Injiniya ya wuce na sauran shugabannin sassa. A ta goma sha uku, hularsa ta shiga layin mataimakan Manaja. A ta goma sha shida, yana kafaɗa da kafaɗa da su, har ya ɗan fi na hagun tsawo. Manaja yakan karɓi kwafin shafin duk ƙarshen wata. An dai ga ya ɗora kwafi biyu a kan juna ya ɗaga su saitin taga, ya daɗe yana kallo.

Matsala ɗaya hawan nan ya haifar. Inda akwatin yake da can ya zama fili, fari fat, a tsakiyar shafi, kamar wurin haƙorin da aka cire. Duk mai ido zai tambaya wa ya tashi daga nan, ina kuma ya tafi. Ana jibi taro muka sake jawo kujeru.

"Ke Ta-Bakin-Ƙofa. Wannan giɓin ya ɓata min tsari. Turo akwatinki sama ki cike shi."

Muka ji Anti ta matso da kujerarta.

"Yallaɓai, nan ɗin fa..."

"Na san abin da za ki ce. Kin ga kamar ya fi ƙarfinki. Kada ki damu, na kwana biyu ne."

"Ba haka ba ne, Yallaɓai. Lambar da ka kai ofishin ma'aikata, ta wurin nan ce. Shi Sufeto in ya zo..."

"Ke za ki gaya min halin Sufeto? Ni na haife shi! Ɗa yana kasa gane ubansa? Ko a ina na tsaya a shafin nan ya san ni. Turo!"

Mun sha gardama daga baya a kan shirun da ya biyo. Na-Taga ya rantse daƙiƙa biyar ne, kuma a cikinsu Anti ta buɗe baki ta rufe. Ta-Kusa-da-Firinta ta ce mace mai 'ya'ya uku ta faɗi gaskiya sau ɗaya, an ce ta yi shiru, ba wanda zai ce sai ta faɗa sau biyu. Abin da muka ji dai shi ne muryarta, a sanyaye:

"To, Yallaɓai."

Sai ƙarar linzami mai tsagaggen baya.

Ranar taro Injiniya ya zo da sabuwar kwat, da sabon batir a fitilar nuni. Aka cika zaure. Shugabar hukuma dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta san kowa a cikinmu ba, kuma ga alama tana da wani taron ƙarfe goma sha biyu. Aka haska shafin a bango: ga mu nan duka, hotuna ba muƙami, kamar 'yan makaranta kafin a raba sakamako. Anti ta zauna a kujerar ƙarshe, jakarta a cinya. Tun da safe ta kwashe kofinta da hoton yaranta daga tebur.

Injiniya ya miƙe, ya gyara wuyan kwat.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi, da sauran waɗanda ke zaune a baya. Shekara da shekaru ana raba muƙami da son rai. Wannan ɗan wane ne, wannan ƙanwar wance ce. Yau an gama! Na'urar da na ƙirƙira da hannuna ba ta san suna ba, ba ta san fuska ba, ba ta da suruki. Wuri kawai ta sani. Roƙona ɗaya ne. Abin da ta nuna a bangon nan ya zama shi ne hukunci. Kada wani ya zo daga baya yana kuka, yana a duba shekarun da ya yi. Kada a sa hannun mutum!"

Ya faɗi na ƙarshen yana kallon silin, don kada jan ɗigon ya faɗa kan kujerar ƙarshe.

Shugabar hukuma ta dubi Manaja. "Ka yarda da haka?"

"Ɗari bisa ɗari, ranki ya daɗe," in ji Manaja, da wani irin sauri da ba mu taɓa jin ya amince da komai da shi ba.

"A rubuta," in ji ta.

Aka rubuta. Ofishin ma'aikata ya miƙa jerin. Injiniya ya zuba shi, ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya sauke shi a kan maɓalli.

Sufeto ya fita aiki. Kyakkyawan aiki kuwa. Muƙamai suka riƙa faɗowa ƙarƙashin hotuna ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Manaja. Mataimaki. Mataimaki. Ya tsallake wani mai sabuwar hula da ke tsaye a gefensu, ko kallonsa bai yi ba. Ya sauko ɗari uku da ashirin daga hagu, ɗari biyu da arba'in daga sama, ya tarar da wata mata mai gyale tana kallon kyamara a tsorace, ya rubuta mata: Shugaban Sashen Nuni.

Sannan ya ɗauki tsintsiya.

Ba ƙara, ba hayaƙi. Akwatin da ya yi Litinin goma sha shida yana hawa ya ɓace ɓat, da hular, da murmushin, da komai. Wurin ya yi fari tas. Shafin ma ya fi kyau, gaskiya.

Jan ɗigon fitilar ya tsaya cak a farin wurin.

Na-Ƙarƙashin-Fanka ya cusa hannun rigarsa a baki. Mai gemu ya sunkuya wai yana ɗaure takalmi, takalmin kuwa silifa ne. Yayan matar Injiniya, daga can baya, ya ce "Alhamdulillahi" da ƙarfin da bai yi niyya ba.

"Madalla," in ji Shugabar hukuma. "An rage ɗaya, ba hayaniya. Wace ce wannan baiwar Allah?"

Injiniya ya buɗe baki. Shekara shida suna ɗaki ɗaya. Ya dubi hoton, ya dubi ƙofar zauren ko za ta taimake shi, ya ce, "Ita ce... ta bakin..."

Manaja ne ya faɗi sunanta, cikakke, har da na mahaifinta. Anti ta miƙe, jakar ta faɗi, kofin ya gangaro har gaban tebur.

"Ranki ya daɗe, akwai ɗan... a koma baya kaɗan," in ji Injiniya, yana danna maɓallan komawa da yatsa biyu. Ya danna, ya danna. Sufeto ba ya nadama.

"Ba kai ka ce kada a sa hannun mutum ba?" Shugabar hukuma ta duba agogo. "Na'urarka ta burge ni, malam. Kai a wane sashe kake?"

Washegari ba mu ko yi wahalar jawo kujeru ba, ƙofar Sashen Nuni a buɗe take. Injiniya yana cire takarda mai bakin zinare daga bango, yana yi wa kwalin da yake zuba kaya jawabi, tunda shi kaɗai ya rage mai saurare.

"Tarihi zai rubuta. Akwati arba'in da ɗaya, ko ɗigo ɗaya bai kuskure ba. Wa ya taɓa ƙera irinsa? Har ni bai raga wa ba. Wannan shi ake kira inganci!"

Anti tana zaune a babban tebur, a bakin kujerar, kamar mai jiran a ce ta tashi. Ta riga ta je wurin Manaja da sassafe. Ta ce aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa, a ba ta mataimaki na wata uku, kuma ta san wani da ya iya lambobi. Ko tausayi ne, ko so take ta riƙa ganinsa kullum a kujerar bakin ƙofa, wannan ma mun yi gardamarsa ba mu gama ba.

"Yallaɓai," ta ce, don bakinta bai saba da wani kiran ba, "na zana maka akwati. Yana can ƙasa, layin ƙarshe. Na sa masa sunanka, ko an matsar da shi za a gane."

Ya rungumi kwalinsa, ya ɗaga haɓa, ya taka zuwa ƙofa kamar mai barin ƙasa gaba ɗaya. Muka buɗe masa hanya. A bakin ƙofar ya tsaya, daidai gefen ƙaramin teburin. Ya dubi teburin. Ya dubi kwamfutar Anti, inda sabon shafin yake a buɗe, da ɗan akwatinsa can ƙasa da faffaɗan fili a samansa. Muka ga idonsa yana auna filin.

Ya ajiye kwalin a kan teburin a hankali. Ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "shafin nan, a riƙa bar min shi ranar Litinin da safe. Dubawa kawai zan yi. Minti biyu."